Ba Ta Sauka Sai An Gasa Tumu

Motata ta girmi 'yancin ƙasar nan. Ƙirar Faransa ce, baƙa, mai dunƙulallen baya, shi ya sa yaran garinmu Tsamaye sunka laƙa mata suna kunkuru. Ba da ranta na saye ta ba. A bayan gidan wani tsohon malamin asibiti na iske ta, can hayin iyaka, kaji suna ƙwai bisa kujerar baya, ciyawa ta tsiro ta ƙarƙashin sitiyari. Wata gingimari ta jawo mini ita da igiya har Sabon Birni, daga nan bijimai sunka ƙarasa da ita gida. Ran nan babu wanda bai yi dariya ba, har da wana, mutumin da ko ranar salla da wuya ka ga haƙorinsa. Ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa ƙofa, tsatsa ta zubo masa bisa ƙafa, ya ce, "To, madalla. Mun samu akurki."

Na bar su da dariyarsu. Ni Bagobiri ne, inda anka ce ba ta yiwuwa nan nake cin ɗamara. Lokacin na daɗe da tuƙin akori-kurar mutane, na san inji ciki da bai. Na kwance ta kaf, na shimfiɗa kayan cikinta bisa tabarma, na wanke kowane noti da kananzir. Abin da ya mutu na bi kasuwanni na nemo, wanda ba a samu ba maƙeri ya ƙera mini. Lagireto da dalma munka liƙe shi. Kujerun kuwa badukun garinmu ne ya ɗinke su da jar fatar akuya, irin wadda ake yi wa sirdi. Rani ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, ina kwance ƙarƙashinta, baƙin mai na ɗiga mini a gemu. Ranar da ta yi tari ta kama, wallahi har tsofaffi sai da sunka baro inuwa. Tun daga nan ita ke kai mutanenmu kasuwar Isa da ta Bafarawa, ita ke kai mai naƙuda asibiti, kuma waɗanda sunka fi kowa dariya su ne sunka fi kowa son zama gaba.

Amma tana da ƙa'idarta. A wancan zamani hanyoyinmu ba na mota ba ne da damina. Gulbi ya cika, fadama ta jiƙa, laka ta kai gwiwa, duk wanda ya matsa wa tsohuwar mota cikin wannan to kashe ta yake son yi. Saboda haka da an yi ruwan shuka sai in ɗora ta. Ina da kututturan kirya a wata rumfar zana bayan zaure. In ɗaga ta da jak, in kwantar da ita bisa kansu. In cire tayoyin duka har da safaya, in rage musu iska, in jera su ƙarƙashin gadona, don rana na tsaga roba. Batir in kai wa mai injin niƙa ya riƙa ba shi wuta. In tsiyaye ruwan lagireto, in cire fulogi in ɗiga baƙin mai cikin kowane rami, in juya inji da hannu don man ya zagaya. Salansa in toshe da tsumma, in ba haka ba zanzaro ya gina gari a ciki. In kewaye kututturan da toka saboda gara, in cusa ganyen dogon yaro da busasshen barkono ƙarƙashin kujeru saboda kusu, sannan in ja tamfol in rufe ta. Kowace Juma'a kafin masallaci ina buɗe ƙofofinta ta sha iska.

Ba ta sauka sai ranar da anka gasa tumun farko a gidanmu, wato sabon gero ya nuna ke nan, ƙasa ta fara tsanewa. Ko sarkin noma ya aiko, amsar ɗaya ce. Da shekaru sunka tura sai abin ya zama kamar kalandar gari. In an ga na fito da jak, sai ka ji ana cewa, "Kunkuru ta hau, a fito da iri." In an ji ƙararta ta tashi, mata su ce kaka ta yi.

Shekarar da nake magana ita ce ta biyu a jere da sama ta juya mana baya. An yi ɗan ruwa da bai jiƙa ƙasa tsawon yatsa ba, munka kira shi ruwan shuka don ba mu da wani. Na ɗora motata kamar kullum. Munka shuka, ya tsiro, ya ƙone. Munka sake, ya ƙone. Lokacin da ya kamata a ce gero ya rufe mutum, gonaki sai ja-ja-ja, gulbi kuwa yashi zalla, yara na wasa a tsakiyarsa. Rumbuna tun bara sunka yi fayau. Mata na jiƙa anza, 'ya'yan wani itacen daji, kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, wasu na sussukar karangiya, wasu na tonon gidan tururuwa. Fulanin da ke bayan gari, waɗanda tun kakanni muke musayar hatsi da nono, sunka kora abin da ya rage musu sunka yi kudu. Bayansu manoma sunka fara bi, gida-gida.

Hanya ta bushe ƙarau, ko keke ba ya kafewa. Mutane sunka fara yi mini sallama. "Direba, sauke ta mana ka kai mu tasha." In ce ba a gasa tumu ba. Su ce, "Wane tumu kuma bana? Kai mahaukaci ne?" Na san abin da sunka sani, ni ma idanu gare ni. Amma na san ranar da kunkuru ta sauka babu tumu, ranar ce gari zai yi wa damina sallar gawa, kowa ya ɗaure kaya. Na ce ba dai da hannuna ba. Wanda zai tafi Allah ya kiyaye hanya, ni dai ban gyara motata don kwashe Tsamaye ba.

Da mutanen gari kaɗai ne da sauƙi, kunnen uwar shegu na yi da su. Sai maganar ta shigo cikin gida. Wana shi ne uban gida tun rasuwar Baba. Manomi ne na gaske, ba ya ƙarya, ba ya wasa, iyali kuwa Allah ya ba shi da yawa. Wata rana da hantsi ya iske ni a rumfa ina sake toka, ya tsaya bisa kaina.

"Ka sauke ta," ya ce.

Na ce, "Yaya, ba a gasa tumu ba."

"Ka bar wagga magana, ba da yaro kake ba. Na yanke shawara. Kudu za mu, wajen surukina, can an yi ruwa. Gidan duka za mu tashi, har da Inna."

Inna ita ce mahaifiyarmu. Shekaru kafin nan ta zame bakin rijiya ƙugunta ya karye, bai ɗoru daidai ba. Ba ta tsayuwa, ba ta iya zama bisa jaki, ko amalanke anka sa ta girgiza kaɗai ta isa ta sumar da ita. Manyan motoci kuwa sai Isa ko Sabon Birni suke lodi. Hanya ɗaya ce tal ta fitar da Inna daga gidan nan: a kwantar da ita bisa kujerar baya ta motata. Wana ya san haka, ni ma na sani.

Na ce, "Ka tambaye ta?"

"Mi za ni tambaya? Mai ciwo ake tambaya ko za ya sha magani? Ɗiyana sun koma ƙashi da rai, kai kana nan kana yi wa ƙarfe turare da barkono. Ba ni barin uwata ta mutu da yunwa mutane su zage ni."

Gaskiya ya faɗa game da yaran, ban musa ba. Amma yadda ya ce "ƙarfe" ya ƙona mini rai, na ci gaba da barbaɗa tokata don kada in faɗi abin da ba a faɗa wa wa.

Da la'asar Inna ta aiko a kira ni. Na iske ta jingine da bango, ta ƙanƙance, carbi a hannu. Ta ce in sakaya asabari.

"An ce wancan na so a ɗauke ni," ta ce.

Na ce haka ne.

"Nan na haife ku. Ubanku na kwance bayan garin ga. In yunwa ce ajalina, ta iske ni bisa gadona, ba cikin tasha ba ana tsallake ni. Kada ka bari a naɗe ni awa tabarma."

"Inna, kin gaya mishi?"

"Ni in yi gardama da shi? Kai dai ke da mota."

Shi ke nan abin da ta ce. Na fito ina jin kamar an ɗora mini dutse, amma a lokaci guda zuciyata ta yi sanyi, don yanzu na san a kan me nake tsaye. Mai ɗakina, 'yar Kamarawa ce, ba ta da yawan magana. Da na gaya mata sai ta ce, "In Inna na nan muna nan. Anza ba ta ƙare a daji ba."

Da wana ya ga na ƙi motsi sai ya kai ƙarata wajen liman da dattawa. Bayan an sauko Juma'a anka zaunar da ni a tsakiya kamar ɓarawon akuya. Kowa ya tofa. Babban wa uba ne. Rai ya fi ƙarfe. Al'adar tumun nan ba aya ba ce, ba hadisi ba ce, kai ka ƙirƙiro abarka. Na ce duk na ji, amma mai ran ta ce ba ta zuwa. Wani dattijo ya yi murmushi ya ce, "Tsofaffi duk haka suke cewa, ɗana. In an kai su sai su saba." Na ce, "Baba, kai in an ɗauke ka za ka saba?" Kai, sai wuri ya kaure, wai na yi rashin kunya. Liman ya tsawatar, ya yanke hukunci: zuwa Lahadi in sauke mota. In na ƙi tuƙi, samari za su ɗaura tayoyi, a ɗauko wani direba daga Isa.

Wani direba! Bisa kujerar da na kwashe shekaru ina gyara, ya zo ya murɗe mata giya kamar mai karya ƙashi, ya kwashi uwata tana kuka ya yi kudu da ita. Na tashi ko sallama ban yi ba.

Na yi tunani iya tunani. In na ɓoye makulli, haɗa waya ba wuya ba ne. In na cire wani abu cikin inji, wana mai taurin kai ne irina, zai sa a tura ta da hannu har Isa, Inna na ciki, don mota ko ba inji tana gangarawa. In na ɓoye tayoyi, za a sa ni rantsuwa, ni kuwa ba ni rantsuwa bisa ƙarya. Abu ɗaya ya rage. Tayoyin nan dogaye ne, sirara, tun tuni anka daina yin irinsu. Waɗanda ke ƙarƙashin gadona su ne na ƙarshe da na samo a hayin iyaka, mai shagon ma cewa ya yi in riƙe su da kyau don babu wasu. Na san in sun tafi, kunkuru ta gama tafiya har abada.

Ranar Asabar bayan sallar asuba na gangara su ɗaya bayan ɗaya zuwa rumfar baduku, shi wanda ya ɗinka kujerun. Da fata ta yi wuya ya koma yankan takalman taya, su ne takalman talaka. Ya duba su, ya danna da babban yatsa, ya dube ni.

"Wagga taya da ranta, direba. Ko zanen ba ta cinye ba."

"Yanka," na ce.

"Haba! Ka je ka huce tukuna."

"Tawa ce ko taka? Yanka, ko in karɓi wuƙar in yi da kaina in ɓata maka roba."

Ya yi ta salati, ya wasa wuƙa, ya jiƙa ta da ruwa. Da ya soka ta a gefen ta farko ban kau da kai ba. Na tsaya na ga an yanka su duka. Sai ya ɗago ya ce, "To, ƙafar wa za ni auna?" Ban zo da wannan a raina ba, ni dai so nake su daina zama taya. Amma zuciya na ci, sai na ji bakina na lissafa mishi mutanen wana: shi kansa, matansa, manyan yara, ƙanana, har 'yar autar da ba ta daɗe da fara gudu ba. Ina nuna mishi tsawon ƙafar kowa da tafin hannuna. Ya wuni yana yanka yana huda yana sa maɗauri, ya cika mini buhu.

Lahadi da hantsi wana ya shigo zaure da samari, ɗaya ya riga ya ɗauko jak ɗina. Ya ce in fito da tayoyi. Na shiga ɗaki, na jawo buhun, na zazzage shi gabansa.

"Ga su nan. Kun ce da su za ku kudu. Bisimilla."

Wani saurayi ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ga zanen tayar, ya ajiye da sauri kamar ya taɓa wuta. Ni na gyara tsayuwa ina jiran mari, har na shirya ba zan rama ba, ba kuma zan sunkuyar da kai ba. A lissafina, in ya gama faɗa zai ga Inna ba ta ɗaukuwa, shi kuwa ba ya tafiya ya bar ta, sai kowa ya zauna mu ci anza tare har Allah ya kawo sauƙi.

Bai mare ni ba. Ya daɗe yana kallon tulin takalman. Sannan ya tsuguna ya fara haɗa su ƙafa-ƙafa, manya gefe, ƙanana gefe. Ya ce a kira mishi yara. Sunka shigo ɗaya bayan ɗaya, yana kama ƙafar kowa yana gwadawa. Na 'yar autar ya yi mata yawa, ya zaro wuƙarsa ya rage diddigen, ya sake sa mata. Da ya gama ya sa nasa, ya miƙe, ya taka, ya dube ni.

"Allah shi saka da alheri," ya ce. "Dama ba su da takalma, ga ƙasa da zafi."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi, wallahi. Ya wuce ɗakin Inna, ya daɗe. Abin da sunka ce ban sani ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Da ya fito ya ce da matansa su ɗaure kaya, gobe da sassafe.

Har yau akwai masu cewa taurin kaina ya raba gidanmu. Su yi ta faɗi. Fari ya raba gidanmu, ba ni ba. Shi ya tsaya wa ɗiyansa, ni na tsaya wa wadda ta ce kada a ɗauke ta, kuma da za a mai da ni wannan Asabar ɗin, rumfar baduku za ni koma. Mun ci anza, mun ci dusa, na bi ƙauyuka har hayin iyaka ina gyaran keke da injin niƙa ana biyana da garin rogo, ba mu mutu ba. Inna ta ga damina ta gaba, ta ji ƙamshin tumu, bisa gadonta ta cika, anka kai ta kusa da Baba. Wana can ya zauna, labarin rasuwar ma sai da anka yi bakwai ya iske shi. Kunkuru na nan bisa kututturanta, ba ta sake sauka ba. Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sun gaji. Har gobe ina sake mata toka, ina buɗe ƙofofinta ranar Juma'a.

Abin da ban shirya mishi ba shi ne safiyar tafiyarsu. Sunka fita rana ba ta yi zafi ba, kaya bisa kai, shi a gaba, ƙananan a tsakiya, za su taka har Isa su nemi babbar mota. Ban raka su ba, bai kuma nema ba. Sai da sunka ɓace na fito ƙofar gida. Yashin nan gaba ɗaya zanen tayar motata ne. Zanen da na sani kamar tafin hannuna, wanda nake waiwaye in gani bayana kowace kaka, ga shi gutsi-gutsi, manya da ƙanana, ya fita daga zaurenmu ya miƙe kudu. Na zauna bisa dakali.

Can na ji Inna na kira. Ta ce a fito da ita ƙofar gida, ita da ta shekara ba ta leƙa zaure ba. Ni da mai ɗakina munka ɗauko ta da tabarmarta, munka jingina ta da bango. Wana ɗan farinta ne, saboda alkunya tun da nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido ba. Ta bi sawun da kallo, ta ce, "Wanne ne nashi?"

Na nuna mata mafi girma, wanda ya fi nutsewa ta diddige.

Mai ɗakina ta ɗauko tsintsiya don sharar safe kamar kullum. Inna ta ɗaga hannu ta ce, "Aje ta." Ta sa munka kafa kara kewaye da sawun nan guda don kada wani ya taka. Nan ta wuni, rana ta juyo munka matsar da ita inuwa, ta ce a mai da ita inda take. Washegari ma haka, da wanda ya biyo. Sai da iska ta cike sawun da kanta sannan ta yarda munka mai da ita ɗaki.